Mako shida ni da Auta a kan kalmomin adabi

Takarda huɗu Auta ta ajiye a gabana, kowacce cike gaba da baya da ƙananan rubutu. Kalmomin nazarin adabi da harshe ne da ta kwafo daga allo tun farkon zango, kowace kalma da ma'anarta a gefe. Na ƙirga su, 71. Jarrabawa kuwa saura mako shida.

"Yaya, duk na haddace su. Tambaye ni wadda ka ga dama."

Na tambaye ta mutuntarwa. Ta zubo kamar mai biya hadda: ɗaukar hali ko aikin mutum a ba wa abin da ba mutum ba. Na tambayi jigo, ta ce saƙon da marubuci yake son isarwa. Ko tuntuɓe ba ta yi ba. Sai na juya bayan takardar na rubuta layi ɗaya: "Rana ta leƙo ta taga ta tashe ni." Na ce ta gaya mini me ke cikin wannan. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ce kamantawa. Da ta ga ban ce komai ba ta ce siffantawa. Daga ƙarshe ta ture takardar ta ce ai malam bai ba su wannan misalin ba.

Abin da na yi bayan nan shi ne kuskurena, kuma ya ci mana kwana biyar. Na yanka takardu ƙanana, na rubuta kalma a gaba, ma'ana a baya, muna jefawa tana amsawa. Sauri kawai ta ƙara. Ranar ta biyar na sake ba ta wani layi sabo, muka koma gidan jiya.

Umma ce ta fitar da mu ba tare da ta sani ba. Muna zaune da daddare ta ɗaga murya daga ɗaki: "Auta! Sau dubu nawa zan kira ki?" Auta ta miƙe tana gunaguni cewa sau biyu ne kacal. Na riƙo hannunta na ce, to me ya sa Umma ta ce dubu? Ta ce don ta nuna ta gaji da kira. Na ce a cikin kalmominki 71 akwai sunan wannan. Ta tsaya a bakin ƙofa, Umma na ta kira, sai ta ce, "Kambamawa?" Ta fita da gudu tana dariya.

Washegari na sayo mata littafin rubutu sabo, muka juya tsarin. Misali ne zai fara shiga, suna ya biyo baya. Sharaɗi ɗaya na gindaya: kada ta kwafo misali daga littafin makaranta. Sai abin da kunnenta ya ji, a gida ko a hanya ko a rediyo, ko wanda ta ƙirƙira da kanta. Kowane shafi kalma ɗaya, kuma ba za a rubuta ma'ana a ƙasa ba sai misalai sun kai uku, sannan da bakinta za ta faɗi ma'anar.

Kwana uku shafukan adon harshe suka fara cika, don mutane ba sa iya magana minti biyar ba su yi ado ba. Kamantawa ta fi sauƙin kamawa saboda tana da alama a jikinta: kamar, tamkar, awa, ya. Amma nan ma akwai abin da hadda ta ɓoye mata. Ta ɗauka dole sai an ji "kamar". Sai da na nuna mata cewa in ka ce wane ya fi kunkuru nawa, ka kamanta, kamancen fifiko ke nan. In ka ce hasken wata bai kai na fuskarta ba, kamancen gazawa. In ka ce tana tafiya kamar hawainiya, na daidaito. Abu biyu ne dai aka ɗora a sikeli, ko su zo ɗaya ko wani ya rinjayi wani.

Siffantawa kuwa sikelin ake ɗaukewa gaba ɗaya. Ba a ce yana kama da garkuwa ba, an ce shi garkuwa ne. Auta ta kawo misalin da na fi so a duk littafin, daga bakin wata ƙawarta da ke maganar yayarsu: "Ita ce katangar gidanmu." Na tambaye ta me za a rasa in aka ce kamar katanga take. Ta yi tunani ta ce in an sa "kamar", an bar wa mai sauraro ƙofar musu, in an cire, an rufe ƙofar. Ban taɓa jin wanda ya bayyana shi haka ba, kuma na ce ta rubuta shi a ƙasan shafin yadda ta faɗa.

Inda muka daɗe shi ne jinsarwa, wato ɗauke abu daga jinsinsa a kai shi wani jinsi. Uku ne a ƙarƙashinta: mutuntarwa, dabbantarwa, abuntarwa. Ta farko ta riga ta zauna tun daga rana mai leƙe ta taga. Ta biyun ce ta kawo gardama. Auta ta ce in an ce "wane zaki ne" ai an mai da shi dabba, me ya sa ba za a kira shi dabbantarwa ba? Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya iyakar da ke tsakanin biyun siririya ce. Dabarar da na ba ta ita ce ta duba aikatau. In aka ce mutum ya yi gurnani, ya kai tunkuyi, ya yi ƙaho, ya kaɗa wutsiya, to an ba shi aiki ko gaɓar dabba ba tare da an ma kira sunan dabbar ba, wannan dabbantarwa ce da ba mai ja. In kuwa an kira shi da sunan kai tsaye, ta ce siffantawa, ta ƙara da cewa da dabba aka siffanta shi. Ɗalibin da ya yi wannan ƙarin bayani ya tsira a hannun kowane mai duba takarda. Abuntarwa ba ta ɗauke mu minti goma ba: ya narke, ta rushe, zuciyarsa ta yi tsatsa.

Habaici da zambo su ma Umma ce ta raba mana su. Wata safiya ta wuce ta gabanmu tana cewa, "Wasu dai sun iya barci da fitila a kunne, kamar su ke sayen batir." Ba ta kalli kowa ba, ba ta kira suna ba, amma ni da na san abin da na yi na sunkuyar da kai. Auta ta ɗauko littafinta tana murmushi. Habaici ke nan, jifa a kasuwa, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zambo ba ya wannan ɓoye-ɓoye. Ana ɗauko mutum ne a zana shi da muni, tafiyarsa ko rowarsa ko tsoronsa, har mai sauraro ya gane shi ya yi dariya, shi ya sa makaɗa ke amfani da shi a kan abokan hamayyar wanda suke yi wa waƙa. Kishiyarsa kirari, inda ake kambama mutum da yabo. Shafi uku a jere muka ba su don ta riƙa ganinsu tare.

A mako na uku muka shiga zube, wato labarin da ba waƙa ba kuma ba wasan kwaikwayo ba, a nan ne na gane cewa kalmar da ta fi kowacce sauƙin haddacewa ita ce ta fi wuyar aiki da ita. Jigo. Na ba ta wata tatsuniya ta Gizo da ta sani tun tana ƙarama, na ce ta faɗa mini jigonta. Ta fara: wata rana Gizo ya tashi, ya je wurin kaza, ya ce kaza. Na bar ta har ta kai ƙurunƙus. Na ce wannan labarin ne, ni jigo na tambaya. Ta ce to faɗakarwa. Wannan amsa ita ce mafakar ɗalibai, duk abin da aka ba su sai su ce faɗakarwa ko gargaɗi ko wa'azi, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba su faɗi komai ba. Faɗakarwa a kan me? Da ta ce a kan haɗama, cewa mai son ya cinye duka yakan rasa duka, sai na ce yanzu kin zo.

Abin da ya taimaka mata shi ne asalin kalmar. Jigo shi ne itacen nan da masu ban ruwa ke kafawa a bakin rijiya ko rafi suna jan guga da shi, kuma shi ya sa ake ce wa babban mutum a ƙungiya jigo. Shi ke ɗauke da nauyi. Na ce mata ta gwada: cire Gizo ki sa ɗan kasuwa, cire daji ki sa birni, me ya rage bai motsa ba? Abin da ya rage shi ne jigo. Daga nan sauran 'yan'uwansa suka zo da sauƙi. Furucin jigo shi ne wurin da marubuci ya faɗe shi da bakinsa, in ya faɗa. Jigo a gajarce shi ne taƙaita abin da aka ce bi da bi. Warwarar jigo ita ce buɗe shi da hujjoji daga cikin matanin. Ƙananan jigogi kuma su ne saƙonnin da suka raɓu da babban suna tallafa masa.

Zubi da tsari na bayyana mata shi da tambaya ɗaya: me aka fara kawowa, me aka ajiye sai ƙarshe, kuma me ya sa? Akwai labarin da ke tafiya miƙe daga haihuwa zuwa tsufa, akwai wanda ke farawa daga ƙarshe ya yi waiwaye, akwai mai labari cikin labari. A nan ne ƙulli yake, da ƙololuwa inda rikici ya kai maƙura, da warwara. Taurari ba su ba ta wahala ba, illa ta ɗauka tauraro dole mutumin kirki ne. Na tuna mata Gizo. Shi ne babban tauraro a tatsuniyarsa, kuma ba wanda zai ba shi ajiya.

Wani abu da ni kaina sai da na girma na rarrabe shi ne marubuci da mai ba da labari. In labari ya ce "na shiga ɗakin na tarar da gawa", ba marubucin ne ya shiga ba. Murya ce ya ƙera ya ba ta baki, kuma muryar tana iya yin ƙarya ko ta jahilci abin da mai karatu ya riga ya hango. Auta ta ce ashe shi ya sa namiji ke iya rubuta labari da bakin mace. Na ce shi ya sa.

Salo kuwa ban yarda mu yi masa ma'ana ba sai da ta rubuta abu ɗaya sau uku. Na ce yaro ya faɗo daga keke, rubuta shi yadda mai karanta labarai zai faɗa, da yadda kakarsa za ta faɗa, da yadda abokinsa mai tsokana zai faɗa. Abin da ya faru bai sauya ba, amma zaɓen kalmomi ya sauya, tsawon jimloli ya sauya, karin magana ya shigo a na kaka, ba'a ta shigo a na aboki. Na ce abin da ya sauya ɗin nan shi ake tambayarki in an ce salo. Masu cewa "salo mai armashi" su tsaya nan, ba su bambanta da masu cewa "faɗakarwa" ba.

Wasan kwaikwayo yini ɗaya muka yi masa. Kashi, fitowa, 'yan wasa, dandali, da bayanin da marubuci ke sawa a baka biyu don a san wa ya shigo, wa ya fita. Haka ma rabe-raben zube na baka: tatsuniya da mabuɗinta da marufinta, ƙissa mai ba da labarin annabawa da sahabbai, tarihihi inda tarihi ya cakuɗu da ƙari, kacici-kacici. Nahawu da alamomin rubutu ma ba mu zauna a kansu ba, don suna da aikatau da sifa da bayanau ta san su, haka aya da waƙafi da ruwa biyu da karan ɗori. Abin da na matsa mata a kai shi ne haɗa kalma da rabawa, ta daina rubuta "ya na" da "littafin sa", ta kuma daina barin ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, don baƙi da baki ba abu ɗaya ba ne.

Sai waƙa, wadda ta cinye mana mako biyu cur. Don kada mu taɓa waƙar kowa, na zauna na haɗa baiti biyu nawa, ba don sun yi kyau ba:

Dare ya yi nisa, fitila ta gaji,
Ni ko ban gaji da karatu ba.

Barci ya zo yana ta kirana,
Na ce masa ban gama aiki ba.

Da waɗannan muka koyi ɗango, wato layi ɗaya, da baiti, wato rukunin ɗangwaye. Mai ɗango biyu a kowane baiti ƙwar biyu ce, haka ake tafiya har ƙwar biyar, mai ɗango ɗai-ɗai kuma gwauruwa. Sautin "ba" da ke rufe kowane baiti shi ne amsa-amon waje, ko babban amsa-amo, wanda ke tafiya daga farkon waƙa har ƙarshenta. In ɗangwayen cikin baiti suka yi nasu daban wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, shi ne amsa-amon ciki. Tun kafin in tambaya ta nuna mini fitilar da ta gaji da barcin da ke kira, ta ce mutuntarwa biyu. Raina ya yi fari.

Da yawa daga kalmomin waƙa daga Larabci suka zo, kuma sanin asalinsu ya sa suka zauna mata. Baiti a Larabci gida ne, kuma masu ilimin aruli, wato ilimin auna waƙa, sun ɗauki sassan ƙafar waƙa (rukunin gaɓoɓin da ke maimaituwa a ɗango) suka ba su sunayen igiya da turke, kayan kafa tanti. Ƙafiya, wadda muke ce wa amsa-amo, 'yar'uwar kalmar da ke nufin ƙeya ce, don a bayan layi take zuwa. Tahamisi daga biyar yake: mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku nasa. Ita kanta kalmar adabi tushenta ɗaya da ladabi. Wasu kuma masana Hausa ne suka zauna suka ƙera su ko suka ɗauko kalmar gida suka ba ta sabon aiki. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya kira hanyar nazarin waƙa gadon feɗe waƙa, kamar yadda mahauci ke feɗe dabba ya ware kowace gaɓa. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Duk da haka har yau za ka ji wani malami ya ce ƙafiya, wani ya ce amsa-amo, wani ya ce kari, wani ya ce ma'auni. Na ce wa Auta ta rubuta duka a saman shafi, a jarrabawa ta yi amfani da wanda malaminta ke faɗa.

Karin waƙa, wato tsarin gajerun gaɓoɓi da dogaye da ake ɗora ɗango a kai, shi ne dutsen da ta fi tsoro, don sunayen kaɗai sun isa su kori ɗalibi: Mutaƙarib, Mutadarik, Kamil, Rajaz, Basiɗ. Khalil ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilimin, ya fitar da karuruwa 15, Akhfash ya ƙara na 16 daga baya, kuma rubutattun waƙoƙin Hausa masu yawa a kansu aka gina su. Amma ban fara mata da wannan ba. Da gaɓa na fara. Gaɓa mai sauƙi baƙi ne da gajeren wasali. Mai nauyi kuwa tana da dogon wasali, ko auren wasali, ko baƙi ya rufe ta. Matsalar ita ce rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. "Fari" na launi da "fari" na "da fari" harufansu ɗaya, amma a na biyun ana jan "fa". Ido ba zai taimake ka ba, sai kunne.

Sai na ce ta faɗi "karatu" a hankali tana buga tebur. Ka, gajere. Ra, dogo. Tu, dogo. Na ce faɗi "rubutu". Daidai da shi. "Tunani". "Bayani". Na ce jera su. Ta ce karatu, rubutu, tunani, bayani, sai ta ji kanta tana rerawa ba ta shirya ba. Na ce wannan da kika ji shi ne fa'ulun sau huɗu, kuma sunansa Mutaƙarib. Ta zaro ido. Muka gwada "malami" da "ɗalibi", dogo, gajere, dogo, wato fa'ilun mai jan "fa", ƙafar Mutadarik. Daren nan har Umma ta leƙo ta tambaya ko makaɗa muka koma, don tebur ya sha bugu.

Makon ƙarshe na koya mata yadda ake zuba amsa, don sanin suna rabin maki ne. Abu uku: ki faɗi sunan, ki kawo layin da yake ciki, ki faɗi abin da ya ƙara wa maganar. Na ukun ne ɗalibai ke tsallakewa. In kin ce "fitila ta gaji" mutuntarwa ce, ki ƙara da cewa mawaƙin ya ɗora gajiyarsa a kan fitila don ya nuna daɗewar zaman ba tare da ya amsa cewa shi ya gaji ba. Mun yi wannan atisaye da layuka kusan 40, wasu nata wasu nawa, har ta fara kama ni in na yi sakaci.

Ana jibi jarrabawa ta zo da littafinta, ta buɗe shafin da na rubuta baitocina, ta zauna.

"Yaya, waƙarka ta karye."

Na ce a ina? Ta buga tebur. "Dare ya" gajere, dogo, dogo. "Yi nisa" gajere, dogo, dogo. Ta ce har nan Mutaƙarib ne, ko da gangan ka yi ko sa'a ce. Sa'a ce, amma ban gaya mata ba. Ta ce sai "fitila" ta zo da gajeru biyu a jere ta ɓata tafiyar. Ta juya shafi ta nuna mini abin da ta rubuta da fensir:

Dare ya yi nisa, gari ya yi tsit,
Karatu nake yi, tukun ban gama ba.

Na buga tebur ni ma, sau biyu, ina neman inda zan kama ta. Ƙafar ƙarshe ta ɗangon farko ta gajarta da gaɓa ɗaya, amma aruli ya yarda da hakan, kuma ta riga ta rubuta shi a gefe. Amsa-amona na "ba" yana nan inda na bar shi.

Na ce, "Auta, kin gyara kari, amma kin kashe mini fitila."

Ta rufe littafin ta miƙe. "Ai da ma ta gaji, Yaya."